Girman ɗan taguwa ranar haihuwa: gadon amale ne ko aikin uwa?

Wani Alhaji mai kiwon raƙuma a yankin Maigatari ne ya aiko da tambayar. Taguwoyinsa shida suka haihu bana, 'ya'yan duk ƙanana, biyu ma ba su yi wata guda ba suka mutu. Sai wani dillali ya yi masa tallar amale daga ƙasar Azawak ta Nijar da Mali, ya rantse masa cewa duk taguwar da wannan amale ya barbara ƙaton ɗa take haifa, kuɗinsa kuma ya kusa na taguwa biyu. Alhaji yana so ya sani: nauyin da ake haifar ɗan raƙumi da shi gado ne? In gado ne, na uba ne ko na uwa? Ya saya ko kada ya saya?

Alhaji, Allah ya mayar da alheri a kan biyun da aka rasa. Gado yana ciki, ba na musun wannan. Amma bai kai yadda dillalin ya kwatanta maka ba, kuma ina da dalilin zaton cewa abin da ya sami garkenka bana ba daga nan ya fito ba. Bari in bi maka shi daki-daki, don kuɗin taguwa biyu ba abin da za a kashe a kan rantsuwar kasuwa ba ne.

Ɗan raƙumi mai tozo ɗaya, irin namu, ana haifarsa da nauyin kilo 35 ko kusa da haka in an ɗauki tsaka-tsaki. Tazarar kuwa tana da faɗi. A garkunan makiyaya na Somaliya da Kenya da Tunisiya an auna waɗanda ba su wuce kilo 26 zuwa 28 ba, a Indiya kuma, wajen raƙuman Bikaner, ana samun kilo 39 har sama. Mutum na jin haka zai ce ai shi ke nan, iri ne ya bambanta. Iri yana da hannu, amma yawancin alƙaluman Indiya daga tashar bincike suka fito, inda taguwa ke cin abinci a kan ƙa'ida tana samun magani, na Somaliya kuwa daga daji, inda take tafiyar kwanaki tsakanin rijiya da rijiya. Ba a haɗa waɗannan biyu a ce bambancinsu jini ne kawai.

Masana kiwo suna da ma'auni na wannan tambaya taka, ni ina kiransa kason gado. Lamba ce tsakanin sifiri da ɗaya. Binciken da aka fi ambata a kan raƙuma shi ne wanda Almutairi da abokan aikinsa suka wallafa a 2010, daga bayanan garken cibiyar binciken raƙuma ta Al-Jouf a arewacin Saudiyya. Sun sami kason gado na nauyin haihuwa 0.37, wato kashi 37 cikin 100. Wannan ya yi kusa da abin da aka saba samu a shanun nama, ya kuma ɗara na tumaki.

A nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, har da ɗaliban da na koyar. Kashi 37 ba ya nufin cewa a jikin ɗan taguwa mai kilo 35, kilo 13 na gado ne, sauran na ciyawa. Jiki ba ya rabuwa haka. Abin da lambar ke cewa shi ne: in ka jera 'ya'yan garke guda, wannan kilo 30, wancan 34, wancan 40, to bambancin da ke tsakaninsu, kusan kashi ɗaya cikin uku daga ƙwayoyin gadon da suka karɓa wajen iyaye ya taso. Sauran kashi biyun daga wasu wurare ne: abin da uwa ta ci, shekarunta, lafiyarta, lokacin da cikin ya faɗo a shekara, da abubuwan da ba wanda ya rubuta. Ka ɗauki manoma goma da suka shuka gero iri daban-daban a fili guda, taki ɗaya, ruwa ɗaya. Bambancin zangarniyarsu yawanci na iri ne. Ka raba musu gonaki, wani a jigawa, wani a bakin fadama, wani ya sa taki wani bai sa ba, sai ka ga iri ya koma ƙaramin abu a lissafin, alhali irin bai canza ba. Kason gado haka yake. Ba na raƙumi ba ne a matsayinsa na raƙumi, na garke ne a wurin da yake da yadda ake riƙe da shi. A Al-Jouf taguwoyi kusan abinci ɗaya suke ci. A garkenka, da wata ta yi rani a wajen Gure ta Nijar wata ta yi shi a bayan gari tana tsintar ƙaya, kason zai faɗi ƙasa da 0.37.

Duk da haka mu yi wa dillalin adalci, mu ɗauki 0.37 ɗin yadda yake, mu ga abin da kuɗinka zai saya. A ce a garken da aka haifi wannan amale tsaka-tsakin nauyin haihuwa kilo 33 ne, shi kuma ya zo da 39. Ya ɗara 'yan'uwansa da kilo 6, kuma wannan babbar tazara ce. A cikin kilo shidan, abin da ake sa ran na gado ne shi ne 6 sau 0.37, kilo 2.2 ke nan. Ɗa kuma rabin gadonsa kawai yake karɓa daga uba, ɗaya rabin na uwa ne. Ka raba biyu, saura kilo 1.1. Abin da za ka gani a 'ya'yansa ke nan in an ɗauki tsaka-tsaki: kilo ɗaya da 'yan kai. Ka tsaya a gefen ɗan taguwa mai kilo 33 da mai 34, ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima ba zai raba maka su ba. Wannan kuma in an san nauyin da aka haifi amalen da shi. Na tabbata dillalin bai sani ba, mai shi na farko ma da wuya ya sani, don makiyayi ba ya yawo da sikeli. Abin da suke gani shi ne girman amalen yanzu, da tozonsa da ƙirjinsa, kuma wannan labarin abin da ya ci ne a shekara bakwai ko takwas, haɗe da gado.

Yanzu batun uba ko uwa. Ta fuskar ƙwayoyin gado kunnen doki suka yi, kowa rabi. Amma uwa tana da wata hanya ta biyu da uba ba shi da ita: ita ce ɗakin da ɗan ya kwana a ciki wata goma sha uku. Faɗin mahaifarta, yawan jinin da ke kai masa abinci, kitsen da ta tara a tozo, duk suna yanke masa iyakar girman da zai kai kafin ya fito. An nuna wannan tun 1938 a Kambirij ta Ingila, ba a raƙuma ba, a dawaki. Walton da Hammond suka haɗa manyan dawakin Shire masu jan kaya da 'yan ƙananan dawakin tsibirin Shetland, ta ɓangare biyu: babban ingarma da ƙaramar goɗiya, ƙaramin ingarma da babbar goɗiya. Gadon 'ya'yan iri ɗaya ne, rabi nan rabi can. Amma wanda babbar goɗiya ta haifa ya fito ƙato, wanda ƙaramar ta haifa ya fito daidai cikin uwarsa. Jikin uwa ya taka masa birki, kuma rahama ce, da ba haka ba da haihuwar ta kashe ta. Taguwa ma haka take. Ka kawo amalen da ya fi kowane girma a Azawak ka ba ramammiyar taguwa mai cikin fari, ɗan da za ta haifa nata ne kafin ya zama nasa.

Wannan ne ma ya sa nake karanta lambobin binciken raƙuma da taka-tsantsan. A binciken Al-Jouf ɗin kason gado ya yi ta hawa da shekarun ɗan: 0.50 a wata uku, 0.60 a wata shida, 0.85 a shekara guda. Hawan yana da ma'ana, don ɗan yana fita daga inuwar mahaifa yana nuna nasa. Amma 0.85 ya yi mini yawa. Garkunan bincike na raƙuma ƙanana ne, amalen da ke cikinsu 'yan kaɗan ne, kuma raba gadon ɗa da albarkar nonon uwa yana bukatar dubban haihuwa da aka rubuta, abin da masu shanun Turai ke da shi masu raƙuma ba su da shi. Taguwa ba ta haihuwar fari sai ta kai shekara biyar ko kusa, tana haifar ɗaya tak, sannan sai bayan kamar shekara biyu ta sake. Cibiyar binciken raƙuma ta Bikaner tun 1984 take aiki, amma abin da za ta tara a shekara arba'in, babbar gonar shanun madara za ta tara shi a 'yan shekaru. Saboda haka alkiblar lambobin nake ɗauka, ba adadinsu ba: gado ya fi bayyana a nauyin wata shida zuwa shekara fiye da na ranar haihuwa.

Mu dawo kan shidan nan naka. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarka shi ne cewa duka suka zo ƙanana a shekara guda. Iyayensu mata shida ne daban-daban. Abin da suka haɗa a kai uku ne: uba ɗaya, shekara ɗaya, makiyaya ɗaya. Kana iya raba waɗannan da kanka ba tare da ɗakin gwaji ba. Tuna haihuwar da ta gabata. In amalen nan naka ne ya barbari waɗannan taguwoyin shekara biyu ko uku da suka wuce, 'ya'yan kuma suka zo da girmansu, to ka wanke shi, don jininsa bai canza ba tsakanin waccan shekara da bana. Sai a nemi dalili a ciyawa ko a cuta.

Ta ɓangaren ciyawa, ka ƙirga watanni. Mafi yawan nauyin ɗan tayi a kashi na ƙarshe cikin uku na ciki yake samuwa, wato wata huɗun ƙarshe da 'yan kwanaki. Taguwar da ta ɗauki ciki a tsakiyar damina, a ce watan Agusta, za ta haihu wajen Satumbar baɗi, kuma wannan lokaci mai muhimmanci zai fara mata ne a watan Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da daji ya ƙone, rijiyoyi suka ja baya, tozo ya kwanta. In damina ta makara, ɗan ya yi rabin lokacin girmansa a cikin uwa mai yunwa. Wadda ta ɗauka da sanyin hunturu kuwa, watanninta na ƙarshe a kaka suke faɗowa, ɗanta ya fi zuwa da nauyi, sai dai ita kuma shayarwarta ce za ta ci karo da rani. Ka duba wane wata naka suka haihu, ka koma baya wata huɗu, ka tambayi yaran kiwonka abin da taguwoyin ke ci a lokacin. In amsar ita ce ƙaya da hakuri, ka sami mai laifi. Harawa, 'ya'yan gawo, ɗan dusa da anguryar auduga ga masu tsohon ciki a waɗannan watanni za su ƙara wa ɗa abin da ya fi kilo ɗayan da amalen dillali zai ba ka, kuma bana za ka gani, ba sai an jira ba. Kada a manta gishiri da kanwa. Bukatar raƙumi ga gishiri ta ninka ta saniya, shi ya sa Buzaye ba sa wasa da kai dabbobinsu ƙasar gishiri ta Ingal a ƙarshen damina.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba saboda ya shafi ƙwarya. Taguwar da ake tatsa har cikinta ya tsufa tana ciyar da baki uku: kanta, ɗan cikinta, da gidan mai ita. Wanda ba ya iya kuka a cikin ukun shi ke cin kashi.

Ta ɓangaren cuta, abin da zan fara nema shi ne sammoren raƙuma, wanda ƙudaje masu cizo ke yaɗawa, musamman in garken ya yi damina kusa da fadama ko tafki. Yana zama a jiki a ɓoye, ya cinye jini, ya narkar da tozo, ya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Ɗan da ya zo da sauran sati uku ko huɗu a lissafinsa ƙarami ne ba don gado ba, bakwaini ne, kuma irinsu ne ke mutuwa a watan farko. A kira likitan dabbobi ya ɗebi jinin taguwoyin shida. Gargaɗi ɗaya a nan, don na ga an yi asara a kansa: maganin sammoren shanu mai sinadarin diminazin, wanda aka fi sani da Berenil, guba ne ga raƙumi. Kada yaro ya sayo a kasuwa ya yi musu allura don ya ga yana yi wa shanu aiki. Raƙumi yana da nasa magungunan, likita ya san su.

Biyun da suka mutu, ina so ka bincika ko sun sha dakashi a ranar farko. Ɗan raƙumi yana fitowa ba shi da garkuwar jiki, don mahaifar taguwa ba ta barin garkuwar uwa ta ratsa zuwa gare shi. A dakashi yake samunta, kuma hanjinsa a sa'o'in farko kawai yake iya karɓarta, bayan kwana guda ƙofar ta kusa rufewa. Wasu makiyaya suna tatse dakashin su zubar, wai yana sa zawo. Ƙaramin ɗa da ya sha dakashi ya ƙoshi ya fi ƙaton da aka hana tsawon rai.

To sai dalili na uku, wanda shi kaɗai ne zai sa in ce ka canza amale. Shekara nawa naka ya yi a garken? In ya haura biyar ko shida, akwai yiwuwar wasu cikin taguwoyin nan 'ya'yansa ne, ko shi da su uwa ɗaya ko uba ɗaya. Haɗa jini na kusa yana rage nauyin haihuwa, yana rage ƙarfin jiki, yana ƙara mutuwar ƙanana, kuma a hankali yake shigowa har mai garke ya ɗauka ƙaddarar shekara ce. Amale ɗaya yana iya ɗaukar taguwa 30 ko fiye a kakar barbara, saboda haka mai ƙaramin garke ba ya ganin dalilin ajiye biyu, sai ɗayan ya dawwama. In haka ne halin da kake ciki, sabon jini zai yi maka amfani ƙwarai, kuma za ka ga bambancin tun haihuwar farko. Amma maganin nan kowane lafiyayyen amale da ba danginsu ba zai yi shi. Musanya da wani makiyayi da ka yarda da shi ta wadatar. Ba sai mai kuɗin taguwa biyu ba.

Game da Azawak ɗin kuma, ka tambayi kanka me kake nema. Raƙumin Azawak dogo ne siriri, na hawa da tafiya. In jiki kake so da nama, don kasuwar Maigatari ko mahautan Kano, raƙumin Manga na gabashin Nijar, jan nan mai kauri, ya fi kusa da bukatarka. Kuma kada sunan ƙasa ya ruɗe ka da yawa. Wani babban binciken ƙwayoyin gado da Almathen da abokan aikinsa suka fitar a 2016, a kan raƙuma sama da dubu daga ƙasashe kusan ashirin, ya nuna cewa raƙuma masu tozo ɗaya jininsu a cakuɗe yake daga wannan yanki zuwa wancan, in ka cire na gabashin Afirka da suka ɗan ware. Dalili kuwa mun san shi tun kafin a auna: ayari. Ɗaruruwan shekaru ana kai da kawo tsakanin Kano da Agadas da Gat da Tarabulus, ana sayarwa ana musanya a kowane zango. Bambancin da ke tsakanin raƙumi da raƙumi a cikin garke guda sau da yawa ya fi wanda ke tsakanin sunan wannan iri da wancan.

Ko da a ce ana iya tura nauyin haihuwa sama da sauri, ni ba zan ba ka shawarar bin sa shi kaɗai ba. Masu shanu a Turai sun bi girma har suka kai ga irin shanun Beljiyam da yawancinsu sai an yi musu fiɗa ake ciro maraƙi. Taguwa ba ta cika samun matsalar haihuwa ba, amma in ta samu tana da muni, saboda dogon wuyan ɗan da dogayen ƙafafunsa, ga shi kana daji nesa da likita. Abin da kake so shi ne ɗa mai matsakaicin nauyi, wanda zai miƙe ya kama nono da wuri, ya yi saurin girma bayan nan.

Abin da zan so ka fara bana ba ya cin kuɗi: sikelin rataye irin na masu sayen hatsi, buhu mai ƙarfi da za a yi majayi da shi a ƙarƙashin cikin ɗan, da littafi ɗaya. A auna kowane ɗa a ranar da aka haife shi, bayan ya bushe ya sha dakashi. A rubuta sunan uwa, haihuwarta ta nawa, wane amale, wane wata, namiji ko mace. Namiji yakan ɗan ɗara mace kaɗan, ɗan fari kuma yakan gaza na uku da na huɗu, saboda uwar ita ma ba ta gama girma ba, don haka kada a yanke wa taguwa hukunci a kan cikinta na fari. A wata shida da shekara guda a sake aunawa. In ya fi ƙarfin sikeli, a yi da igiyar awo: tsayinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa, kewayen ƙirji, da kewayen ciki ta kan tozo, duka a mita, a ninka ukun da juna, sannan a ninka da 50. Ba ya faɗin nauyi daidai wa daida, amma ya isa ya nuna maka wane ya fi wane. Bayan haihuwa biyu ko uku za ka ga taguwoyin da 'ya'yansu ke rayuwa suna girma ko shekara ta yi kyau ko ba ta yi ba. Ɗa namiji daga irin wannan uwa shi ne amalen da ya cancanci kuɗi, naka ne ko na wani.

In kuma har yanzu ranka yana kan na dillalin, ba a cinikin biri a sama. Ka ce ya kai ka garken da amalen ya fito, ka ga 'ya'yansa na bara da na bariya da idonka, akalla goma, daga uwaye daban-daban, ka gwada su da 'ya'yan wani amale da suka yi kiwo wuri ɗaya a shekara ɗaya. Ka ga uwarsa in tana raye, ka tambayi nononta da yawan 'ya'yan da ta raya. Ka sa likita ya ɗebi jininsa kafin ya shiga cikin taguwoyinka, kada ka sayo sammore da kuɗinka. In dillalin ya ce garken ya yi nisa, ko ya ce sun tashi ba a san inda suka nufa ba, ka taya shi kuɗin amale ɗaya.